Inuwar Inna Marka

Ku matso, jama'ar kasuwar Jangeme, ku matso. Mai jaki ya ɗaure jakinsa, mai ciniki ya ɗaure bakin buhunsa, mai gardama ya ɗaure harshensa. Wanda zai yi magana yau ya sha ruwan rijiyoyin da ba su da suna, ya taka ƙasashen da ayari bai san hanyarsu ba. Ni ne Mantau ɗan Shekarau, babban ɗan ƙulli, wanda ya kifar da Birnin Tsandauri da yatsu biyu, ya ƙwato inuwar uwar ɗakinsa, ya ƙetare Farin Gishiri da tsakar rana shi kaɗai. Tun da aka yanke mini cibiya ban taɓa gudu ba, ban taɓa saɓa alkawari ba, ban taɓa riƙe abin da ba nawa ba. Ku ajiye wannan a ranku, in na gama ku auna ni da shi.

Anaruwa mai goro, miƙo mini ɗaya, fari, ba irin mai tsutsar jiya ba. Ka kuma ja zanar nan ta toshe wancan hujin, rana tana leƙo ni. Kun san halina, ba na barin kusurwar rumfar nan sai rana ta faɗi. Fatar da ta sha abin da tawa ta sha ba ta wasa da rana. Bar kallon sama, ba ruwa za a yi ba. Wancan ɗan girgijen da ya tsaya kan kasuwa tun hantsi ɓatacce ne, ni na san girgije kamar yadda ka san goro.

To, Birnin Tsandauri yana can bayan inda ayari ke gajiya ya juyo, a kan wani falalen dutse, tsakiyar filin da ake kira Farin Gishiri. Ba ciyawa, ba tudu, ba kwari, fari fat har inda ido ya ƙare. Jiragen ƙasar ba ruwa suke bi ba, a kan gishiri suke zamewa, da manyan ƙyallaye a sama iska tana cika su. Iskar kuwa mu muke ba su, mu 'yan ƙulli. Ka hau kan dutse da jiƙaƙƙiyar igiyar rama, ka yi fito, iska ta zo ta leƙa ta ga mai kiranta, kai kuma ka shaƙe ta da ƙulli. Ƙaramin ƙulli na sheƙar hatsi ne da fifita marar lafiya. Babba na jirgi ne. Duk mai buƙata ya kwance, iska ta fito ta yi masa aiki ta kama gabanta.

Shugabarmu tsohuwa ce, Inna Marka, mai doro da sandar gora, da ɗaurin kallabi mai ƙaho biyu wanda ba mai irinsa. Yatsunta ba sa hutawa. Ko gyangyaɗi take yi za ka ga suna ƙulle-ƙulle a kan cinyarta. A hannunta na koyi sana'a, kuma ta sha faɗa a gaban mutane cewa ba ta taɓa ganin almajirin sana'a irina ba. Yadda take girgiza kai in tana faɗa, wannan tsufa ne.

Sarkin lokacin, Damisau, mutum ne mai son bene. Ya sare kuka, ya sare tsamiya, ya sare har kurnar da mata ke tsefe a gindinta, duk ya mai da su itacen rufi. Da ya gama, birni ya wayi gari ba inuwar da kaza za ta fake. Mai ya narke a kasuwa, nama ya yi wari, 'yan kasuwa suka fara gunaguni. Fadawa suka duƙufa neman inuwa, suka duba gabas, suka duba yamma, sai idonsu ya faɗa ƙarƙashin ƙafafunmu. Saura laifin da za a ɗora mana, ba a kuwa daɗe ana nema ba. Ranar buɗe sabon bene, sarki ya fito soro yana ɗaga wa talakawa hannu, sai wata 'yar guguwa da ba ta fi akuya tsayi ba ta taso ta kwance masa rawani. Ashe sanƙo ne da shi, yana sheƙi kamar gindin sabuwar tasa. Birni ya kwashe da dariya. Kafin la'asar an ce 'yan ƙulli ne suka ci mutuncin sarauta.

"Igiyar wa ce ta kwance?"

Wa ya yi magana? Ke ce, mai lulluɓi, can rakuɓe jikin bango? Baiwar Allah, da muryarki kamar ana jan tukunya a kan tsakuwa. Igiya ai igiya ce. In ma tawa ce, ƙulli yakan zame wa gwani, balle ranar hannuna da man gyaɗa. Ba wannan ne labarin ba.

Aka tattaro mu, manya da ƙanana, da la'asar sakaliya lokacin da inuwa ta fi tsawo, aka jera mu kan farin dutsen ƙofar gari. Tunau Sarkin Ƙusa ya zo da wuƙarsa ta baƙin dutse, wadda ba ta cin nama sai inuwa. Ya durƙusa bayan mutum, ya kama diddige, ya ja, kiii, kamar mai fiɗa. Ba jini. Wani sanyi ne ke shiga ƙashi, daga nan ka ji ka zama fanko. Sai a nannaɗe inuwar kamar tabarma a jefa kan amalanke.

Ba wuƙar ce ke ci mini rai har yau ba. Tafin ne. Mutanen da muka fifita wa mata ranar naƙuda, waɗanda muka tura wa jirage suka yi arziki, waɗanda muka sheƙe wa hatsi suka ci suka yi tumbi, su ne suka tsaya suna tafi. Wani mahauci da Inna ta shekara da shekaru tana kore wa ƙuda daga nama ya ɗaga murya ya ce, "A ajiye mini ta tsohuwar, ta fi faɗi!" Tir! Allah wadan naman da ya ci! In na tuna fuskarsa sai goro ya yi mini ɗaci a baki.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta waiga ta dubi Tunau ta ce, "Ɗan nan, yanka daidai, kada ka yage ta. Zan aiko a karɓar mini abata."

Ku da ba a taɓa yanke wa inuwa ba, ku saurara. Marar inuwa, rana ba mutum take gani ba, tsire take gani a kan tukuba. Riga da malafa ba sa taimako, don duk abin da ya sa a jikinsa shi ma ya rasa tasa inuwar. Kafin ya yi tafiyar dahuwar tuwo fatarsa ta fara tashi. Farin Gishiri da tsakar rana kuwa, ba marar inuwar da ya taɓa ƙetare shi a fili ya kai labari, ko ɗaya. Mu da muka tsira duhu muka bi muka kai kogon Dutsen Makoki. Waɗanda gari ya waye musu a hanya suna nan inda suka faɗi, domin ƙasa ba ta karɓar gawar marar inuwa. A binne shi yau, gobe gishiri ya tofo shi waje, ido buɗe, ba ya ruɓewa, ba ya hutawa. Ita kuma yankakkiyar inuwa makauniya ce, ba ta san mai ita ba. Duk diddigen da ba shi da inuwa ya fara taka ta, shi za ta manne wa. Shi ya sa a ka ake ɗaukarta kamar tulu, ba a bari ta taɓa ƙasa sai a gaban mai ita.

Muka zauna a kogo muna cin jemage da gansakuka. Yaran da aka kore mu da su suka yi gemu ba su san ɗumin hantsi ba. Inna ta rataye wata igiya mai kaurin taɓarya a tsakiyar kogon, ta ce duk wanda zuciya ta taso masa kada ya zagi ɗan'uwansa, ya zo ya hura a igiya. Mai takaici ya hura, ta ƙulle. Uwar da ta jera gawarwakin 'ya'yanta a bakin kogo ido buɗe ta hura, ta ƙulle. Shekara ta bi shekara, igiya ta yi baƙi ƙirin, tana gurnani ita kaɗai kamar kura a rami. Muka sa mata suna Baƙar Igiya.

Sai ciwo ya kwantar da Inna. Ta tara mu ta ce, "Ba mutuwa nake tsoro ba. Kwanciya a waje kamar busasshen kifi nake ƙi. Wa zai je ya karɓo mini abata, da ta kowa?"

Kafin ta rufe baki na miƙe zumbur. Akwai masu cewa kunama ce ta harbe ni daidai lokacin. Mahassada ne, kuma kunamar ma ƙarama ce. Aka haɗa ni da wata mace ta riƙe mini kaya, Gwamma, 'yar ƙanwar Inna, doguwa, ba fara'a, mijinta na cikin waɗanda ke kwance a bakin kogo. Inna ta miƙo sandarta muka dafa, ta ce, "Ku fara sauke inuwoyi, duka, ku naɗe. Sai kun fita ƙofar gari sannan ku kwance Baƙar Igiya. Wanda ya kwance ta inuwa na rataye, da hannunsa ya yage mu. Mantau, da kai nake."

Kun ji? Sunana ta kira, don ta san wa ke jagora.

Yadda za mu ƙetare gishiri shi ne abin tunani. Sai aka hau ƙololuwar Dutsen Makoki da igiya, aka yi fito, aka zarge wuyan wani ɗan girgije da ya ware daga 'yan'uwansa. Muka sauko muna janye da shi kamar akuya, shi a sama mu a inuwarsa. In ya yi gardama a fizge shi, in ya yi kuka mu buɗe baki mu sha.

"Wa ya hau dutsen? Wa ya ja girgijen?"

Ke dai kin cika tambaya. Gwamma ce ta hau, ni na tsaya ƙasa ina nuna mata wanda za ta kama, wanda shi ne aikin ido. Ja kuwa, babba ba ya jan akala. Anaruwa, ba wa baiwar Allah nan goro ko bakinta ya samu abin yi.

Mun yi nisa a cikin farin nan sai muka ji sama tana kaɗawa kamar ana bugun shanya. Ungulayen gishiri ne, kowace ta kai ɗakin kara girma. Su ba jiki suke gani ba, inuwa suke bi, duk baƙin da ya motsa a kan fari su faɗo masa. Mu ba su gan mu ba, amma sun ga inuwar girgijenmu tana tafiya. Ta farko ta sauko ta yagi gefensa, rana ta zubo ta hujin ta lashe mini kunne. Ga tabon nan. Nan take na kwanta rub da ciki na cusa kai ƙarƙashin kaya, domin mai son sanin lagon tsuntsu daga ƙasa yake nazarinsa. Ina cikin nazari Gwamma ta kwance baƙin mayafinta, ta ɗaura shi a wutsiyar wata ƙaramar iska, ta sake ta. Mayafi ya tashi ƙasa-ƙasa ya nufi kudu, inuwarsa tana gudu a kan gishiri kamar barewa. Ungulaye suka bi ta ɗuuu, ba mu sake ganinsu ba. Dabarar tawa ce. Da ta tambaye ni, abin da zan ce mata ke nan.

Da hantsi muka isa ƙofar gabas. Muka ɗaure girgije jikin wani dutse a waje. Tun bayan korarmu doka ce duk mai shiga ya taka farin dutsen nan dogarai su ga inuwarsa. Gwamma ta ce mu jira ayari mu shige inuwar raƙumi, mu riƙa taku da takunsa. Na ce babban ɗan ƙulli ba ya shiga gari ta ƙarƙashin wutsiyar raƙumi. Na ciro baƙin saƙi na yanka shi siffar mutum, da kafaɗu masu faɗi yadda suka dace da ni, na ɗaura a diddige, na taho ina janye da shi ina taƙama.

Wani dogari mai jan ido ya gicciya mini mashi. "Kai, baba, dakata. Ina rana?"

Na ce, "Ga ta nan bayana, ranka ya daɗe."

"To inuwar kowa tana gabansa. Taka me take yi a baya?"

Jama'a, ku yi mini adalci. Mutumin da ya shekara da shekaru a kogo, ina zai tuna gefen da inuwa ke kwanciya? Amma ban daburce ba. Na ce, "Gajiya ta yi, ranka ya daɗe, tafiyar da nisa."

Ya sa tsinin mashi ya ɗaga ta sama, tana reto da zare a gefe. Daidai nan wani raƙumi ya yi ruri ya zabura, kaya suka zube, ayari ya hargitse. An ce Gwamma ce ta soka masa tsinke, ni ban gani ba, don lokacin na riga na kai tsakiyar gari. Ba gudu na yi ba. Sauri na yi, kuma gaba na yi ba baya ba.

Sai kasuwa. Wayyo kasuwa! Ku bari in haɗiye wannan goron kada ya shaƙe ni.

Sun kafa dirkoki layi-layi, sun shimfiɗa inuwoyinmu a sama, ƙusa a hannu, ƙusa a ƙafa, sun ja su sun miƙe kamar fata a majema. A ƙarƙashi sanyi kamar bakin rijiya. Inuwar jarirai a kan masu albasa. Inuwar mijin Gwamma a kan wani wanzami, yana aski yana waƙa. Wata da ta tsufa ta yi huji, sun yi mata faci da tsumma. Ga mata suna taya atamfa, ga yara suna wasa, ga wani ya miƙe ƙafa yana minshari, ba wanda ya ɗaga kai ya dubi abin da ke ba shi sanyi. Sun ma manta mutane ne. A tsakiya kuwa ga ta Inna, da doronta da sandarta da kallabinta mai ƙaho biyu, yatsun suna ta ƙulle-ƙulle a banza. A ƙarƙashinta mahaucin nan ne, ya yi ƙiba har wuya ya ɓace, Tunau Sarkin Ƙusa na zaune gefensa yana cin tsire yana suɗe yatsa, wuƙar baƙin dutse a ƙugunsa.

Na nemi tawa, na nemi tawa. Na duba rumfar masu zinariya, na duba ta masu turare. Can bayan kasuwa na same ta, kusa da juji, a kan akurkin kaji. Ko akurkin ba ta rufe duka ba, zakara na waje yana haki. Ku yi dariya, ku yi! Wannan wulaƙanci kaɗai ya isa a rushe birni.

Da rana ta take, ciniki ya lafa, 'yan kasuwa suka fara gyangyaɗi. Gwamma ta sauke Baƙar Igiya daga kafaɗarta ta ɗora mini a hannu. "Riƙe. Kada ka taɓa ƙullin, kada ka ko kalle shi." Ta kama awartaki da haƙori ta hau dirka kamar ƙadangare. Ta zare ƙusa, ta zare ƙusa, ta naɗe ta Inna tsaf, ta jefo mini, na cafe na aza a ka. Ta matsa wajen ta mijinta.

Sai na ji ihu a bayana: "Ga shi can! Ga mai gajiyayyar inuwa!" Dogarin nan ne mai jan ido. Tunau ya farka, rana ta dalle masa fuska, ya ɗaga kai ya ga sama fayau. Ya dube ni, ya zare wuƙa, ya taso. Jama'a, a nan zuciya ta ɗebe ni. Na tuna tafin nan, na tuna kogo, na tuna akurki. Na sa yatsu biyu, waɗannan, na ja bakin ƙulli. Wasu za su ce tsoro ne. Fushi ne.

"Inuwa nawa aka sauke kafin ka kwance?"

Ni ba ƙirga nake yi ba, yaƙi nake yi.

"Nawa, Mantau?"

Ɗaya! Kin ji daɗi? Amma ita ce babbar. Ku bar ni in ƙarasa.

Abin da ya fito daga igiyar nan ba iska ba ce. Kukan uwaye ne, da cizon haƙoran maza, da duk zagin da aka haɗiye a kogo. Ya fito baƙi, ya tsaya da ƙafa ɗaya, kansa na taɓa sama. Ya fara da mahauci, ya ɗaga shi da tukubarsa ya yi wurgi da shi bayan ganuwa. Ya bi layin kasuwa yana tsinke dirkoki kamar mai cirar ciyawa. Ya je benen Damisau ya zare itacen rufin ɗaya-ɗaya, kuka da tsamiya da kurna, hawa ya zauna kan hawa. Na ga rawanin sarki ya sake tashi, wannan karon da kan a ciki. Masu tafi suka riƙa neman inda za su fake, babu. Na tsaya ina cewa, "Ku tafa mana! Yau ma ku tafa!" Daga cikin wata tsohuwar randa nake faɗa, amma sun ji ni.

Inuwoyin kuwa, da yake ƙusa na riƙe da su iska na ja, suka riƙa yagewa, ƙyat, ƙyat, suna zubowa kamar baƙar toka. Wannan laifin ƙusa ne, laifin Tunau ne. Tawa ma ina kallo ta tashi tare da kaji ta rabe biyu a kan... wato ta kusa rabewa, na yi tsalle na cafke ta. Gwamma tana maƙale a kan dirka ta ƙarshe, guntun inuwar mijinta a hannu, tana ihu, "Kai wa Inna! A ka, Mantau, a ka, kada ta taɓa ƙasa!" Iska ta ɗauke ta da dirkar gaba ɗaya. Allah ya jiƙanta. Mace ce mai ƙoƙari, sai dai ba ta jin shawara.

Na fita ƙofar gabas da naɗin inuwa a kaina. Girgije babu, ya tsinke igiya ya bi iska. Gabana Farin Gishiri, rana a tsakar ka. Na shiga. Tun ina jin zafi har na fara jin ƙauri, na duba na ga damtsena ne ke tashi kamar fatar ganda. Harshe ya kumbura, ido ya daina ganin komai sai fari. Abin da ke kaina kuwa sanyi ƙalau, kamar tulun da ya kwana a waje, sanyin na sauka har wuyana amma bai kai kafaɗa ba. Na tsaya a tsakiyar filin nan, ba gaba ba baya, ina jin sanyin nan a kaina...

To, daga nan dai na ci gaba. Rana ta ga irin mutumin da take yi da shi ta ji kunya ta sassauta. Na isa Dutsen Makoki, na durƙusa na shimfiɗa wa Inna abarta. Ta taka, ta yi murmushi, ta ce, "Mantau, ka cika ɗa." Ta cika a daren, ƙasa ta karɓe ta kamar uwa ta karɓi jariri. Mutane suka so naɗa ni shugaba, ni kuwa ba na son girma, na sulale na shigo duniya. Iyakar hikayar ke nan, wanda ya ji ya ƙaru, wanda...

"Da bakinka ka ce ba marar inuwar da ya taɓa ƙetare gishiri a fili."

Ai na ce na cafke tawa.

"Ka ce ta rabe biyu. Kuma in kana da taka, me ya tashi fatar damtsenka?"

Rabi na samu, rabi ba ya rufe mutum duka! Anaruwa, wace ce wannan ne? Tun ɗazu take tsinka mini zare. Baiwar Allah, in fura kike so a dama miki, ki bar manya su... Mene ne wannan kike cirowa? Igiyar rama? Ina kika samu igiyar rama mai irin wannan ƙulli? Kada ki sa haƙori! Anaruwa, riƙe zanar! Ku riƙe rumfar, jama'a, ku riƙe...

Kash, iska ta tafi da rumfar. Ku ba ni bargo. Ku ba ni buhu, ko tabarma, wani ya tsaya mini ta yamma! Me kuke kallo a bango? Me ya sa kuke ja da baya? Anaruwa, kai ma?

"Mantau," in ji Anaruwa mai goro, "inuwarka doro ne da ita."

Ciwon baya ne, na daɗe da shi.

"Da sanda, kai kuwa hannunka goro ne a ciki. Da kallabi mai ƙaho biyu. La ila, dubi yatsun! Hannunka a tsaye yake, nata suna ƙulle-ƙulle!"

Hasken la'asar ne, yakan karkatar da abu, kowa ya sani. Ke kuma kada ki yaye lulluɓin nan, ba mai son ganin... Gwamma. Ashe, ashe kina nan. Kin ga yanzu nake yabonki, jama'a shaida ne, na ce mace mai ƙoƙari. Ashe girgijen can naki ne.

"Iskar da ka kwance ta jefar da ni bayan duniya, ta cinye mini murya. Da rarrafe na koma Dutsen Makoki. Inna tana bakin kogo, Mantau, ido buɗe, fuskarta na kallon hanya. Sau nawa muna binne ta, gishiri na tofo ta. Kasuwa-kasuwa nake bi ina tambayar mai ba da labarin da ba ya fita rana."

To ai hanyar ce ta ɓace mini, dama gobe-goben nan nake shirin... Wannan wuƙar Tunau ce? A ina kika... Dakata, 'yar'uwa, dakata. Rana ba ta faɗi ba. In kika yanka yanzu, da me zan tsaya? Bari in je in ɗauko malafata, yanzun nan zan dawo. Ba gudu zan yi ba, jama'a kun ji da bakina ban taɓa gudu ba. Ku ba ni hanya. Wa ya riƙe mini ƙafa? Wa ya ɗaure ni?

"Ba kowa," in ji Anaruwa. "Inuwar ce. Ta kafa sandarta a ƙasa, ta ƙulle maka idon sawu."

"Ta gaji ne, tafiyar da nisa," in ji Gwamma, ta durƙusa a bayana. "Ɗaga diddigen, Mantau. Inna tana jira."